Na fita neman kwamfuta ɗaya, na dawo da na'ura biyu

Tsohuwar kwamfutata ta tebur ta mutu ne wata ranar Talata cikin Janairun 2024, ina tsakiyar haɗa bidiyon wani biki da aka yi a Lazaret. Tun hantsi babu wuta. Ina ƙofar shago ina jiran shayi na biyu sai na ji yaran layi sun kaure da ihu, na san kuran ya dawo. Na faɗa ciki na kunna. Ba a yi minti goma ba wutar ta yi ƙasa, fanka ta fara jan jiki, can kuma ta dawo da ƙarfinta. Sai na ji "ɗas" a ƙarƙashin tebur, ƙauri ya biyo baya.

Na riga na karɓi rabin kuɗin aikin, na kuma cinye. Uwar amarya tana kirana sau uku a rana. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka dare huɗu na yi a shagon wani abokin sana'a a Yantala, yana tashi daga aiki ina hawa na'urarsa, har na kammala. Allah ya rufa asiri, diskin da ke ɗauke da hotunan bai ƙone ba.

Sana'ata ke nan tun da na baro Tahoua na zo Yamai: ɗaukar biki da suna da walimar saukar karatu, wani lokaci tallan shago, sannan in zauna in yi montaj. Ƙanena ne ke riƙe mini fitila da kamara ta biyu, kuma rabin ladansa shi ne in bar masa kwamfuta da dare ya buga ƙwallo. Kada in ɗora masa laifin shi kaɗai. Ni ma in na zauna kan PES sai kiran assalatu ya tashe ni.

Mai gyaran da nake kai wa aiki dattijo ne, rumfarsa tana bayan Babbar Kasuwa. Ya kwance akwatin, ya hura, ƙurar hunturu ta tashi kamar an kakkaɓe buhun gero. Akwatin wuta ya ƙone, ya kuma tafi da babban allon da komai ke manne a jikinsa.

"Ɗana, ana iya tada ta," in ji shi, "amma kuɗinka nake tausayi."

Ya ce ƙwaƙwalwar na'urar, wato furosesa, Intel ce ta zubi na 6. Windows 11 kuwa tana neman zubi na 8 zuwa sama da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma Microsoft ta riga ta sanar cewa ranar 14 ga Oktoban 2025 za ta daina kula da Windows 10. Ko na gyara, gyaran da bai kai shekara biyu ba ne. Na bar masa gawar ya ciri abin da zai cira, na ɗauko allon kallo da diski na dawo.

Abin da na iya haɗawa, da adashi da ɗan abin da Inna ta ranta mini bayan ta sayar da raguna biyu, jika 600 ne. Lokacin kuma ba na sayen kaya ba ne. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana ta layin Birnin Kebbi, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar daga can yake zuwa. Kayan da ke shigowa ta tashar Kwatano sun tsaya, sai an zagaya ta Lome da Burkina. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma farashi bai ji labari ba, kuma bazara tana ƙofa, lokacin da ko a shekarar lafiya wuta ba ta isar gari.

Abin da nake so mai sauƙi ne a baki: na'ura ɗaya da za ta yi montaj da rana, ta buga wasa da dare.

Da na kai maganar fada, kafin a sauke shayi na farko an rabu gida uku. Masu wasa suka ce in sayi kwamfutar hannu mai Windows irin ta ƴan wasa, mai katin hoto na Nvidia. Wani ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ya ce duk ɓata kuɗi ne, in haɗa ta tebur in sa mata Ubuntu, wani nau'in Linux da ake sawa a madadin Windows, kyauta. Taubashiyata kuwa, wadda ke zanen tambari da kwalayen kaya ga ƴan kasuwa, ba ta zuwa fada, amma da labari ya kai mata sai ta aiko mini da saƙon murya: "Kai bawana, ka daina wahalar da kanka, ka sayi Mac ka shiga sahun mutane."

Maganar Ubuntu ba ta yi nisa ba. Manhajojin montaj na Adobe ba sa hawa Linux, kuma kishiyarsu DaVinci Resolve na kyauta a can ba ya buɗe irin bidiyon H.264 da kamarata ke ɗauka sai an juya shi tukuna. Gaskiya ne wasanni da yawa suna tafiya a Linux yanzu, tun da kamfanin Valve ya fito da Proton, mai tada wasannin Windows a can, a 2018. Amma ni da uwar amarya ke jira ba ni da lokacin koyon rubuta umarni a baƙin allo.

Sai dai wannan gardamar ta tono wani abin da na daɗe ina kauce wa. Shekara shida ina aiki da Premiere Pro wanda aka fasa, kamar yawancinmu. Tun 2013 Adobe ta koma tsarin biyan wata-wata, sai da katin banki, kuma kuɗin ba ya ƙarewa. Wanda aka fasa kuma yana zuwa da baƙinsa: sau biyu ƙwayar cuta tana shiga mini, sau ɗaya har ta bi filashin wani ango zuwa gidansa. A dararen da na yi a Yantala na ga abokina yana aiki da Resolve, na kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya. Kyauta ne ta halal, yana fitar da bidiyo har 4K, gyaran launinsa kuma ya fi abin da na saba. Wanda ya taɓa ɗaukar amarya cikin lalle da leshi fari a ƙarƙashin rumfar tanti mai launin ja ya san abin da gyaran launi yake nufi. Na yanke shawarar komawa can. Tunda kuwa Resolve yana hawa Windows yana hawa Mac, manhaja ta fita daga cikin gardama. Saura ƙarfe da ƙarfe.

Azumi ya kama a watan Maris, biki ya yi sauƙi, na samu sarari. Gani ya kori ji. Na aro na'ura biyu na mako guda: ta wani abokina mai Windows, mai katin hoto RTX 3060 da ram (ma'ajin aiki na wucin gadi) giga 16, da MacBook Air M1 ta taubashiyata mai ram 8, bayan na sha gori kamar zan auri ƴarta. Na zuba musu aiki iri ɗaya, bidiyon suna na minti 40, da gyaran launi da rubutu da kiɗa.

Ranar farko akwai wuta. Ta abokina ta tashi kamar jirgi zai bar filin Diori Hamani, fankokinta biyu suna huci, iskar da ke fita ta gefe tana iya busar da kilishi. Amma aiki kam ta yi shi: cikin minti 12 ta fitar da bidiyon. Mac ɗin ba ta ce uffan ba, don ba ta da fanka ko ɗaya. Ta fara da gudu, bayan kamar minti goma jikinta ya ɗau zafi har ba na iya barin tafin hannuna a saman maɓallan, sai ta rage sauri da kanta. Ta gama a minti 19. Ƙanena ya yi tsalle. Da dare muka sa FC 24 a ta abokina, ciyawar fili kamar ka taɓa, gumi yana sheƙi a goshin ƴan wasa. Na kwanta na riga na yanke hukunci.

Ranar ta biyu aka ɗauke wuta da ƙarfe goma sha ɗaya na safe.

Na sake sa su aikin, kowace a kan batirinta. Ta abokina ta zama wata dabba daban. Bidiyon da jiya yake gudu sumul ya fara tsalle-tsalle in ina duba shi, fitar da shi ya ci fiye da ninki biyu na lokacin jiya, kuma kafin azahar ta mutu. Dalilin a fili yake in ka ɗaga cajarta: tubali ne guda mai wat 230. Katin hoton da furosesa suna jan wutar da batir ba zai iya bayarwa ba, don haka da zarar ka zare waya sai na'urar ta daƙile kanta. Cajar Mac ɗin kuwa wat 30 ce, ba ta fi ta waya girma da yawa ba. Tun Nuwamban 2020 da Apple ta fara barin Intel ta fito da M1, ƙwaƙwalwar da aka gina a kan tsari irin na wayoyin hannu, na'urar ba ta damu ba ko tana jone ko ba ta jone. Minti 19 jiya, minti 19 yau. Na ci gaba da yanke-yanke a kanta har aka sha ruwa, da sauran caji.

A wannan makon, kwana huɗu cikin bakwai haka aka yi. Na zauna da takarda na yi lissafin da ya kamata in fara yi tun farko. Ban taɓa rasa aiki don fitar da bidiyo ya ɗauki minti 19 maimakon 12 ba. Amma na sha rasa wuni guda cur ina kallon bango, na sha ba mutane haƙuri, har akwai wata hajiya a Plateau da ta daina kirana saboda haka.

Na koma wurin dattijo mai gyara da wannan labari, ina tsammanin zai yaba. Ya saurara har na gama, yana goge wani allo da tsohon buroshin haƙori.

"To, ka ji nawa," ya ce. "Ta tebur, in ram ya mutu in canza ram. In katin hoto ya tsufa ka sayi wani ka soka. Waccan da kake yabo, ram ɗinta da ma'ajiyarta duk a like suke da allo. Yadda ka saye ta haka za ta tsufa. In kuma allon ya ƙone, ya tafi da duk abin da ke ciki. Ranar da ta mutu kada ka kawo mini, ka nemi mai zuwa Dubai."

Bai faɗi ƙarya ba ko ɗaya. Na ma ƙara masa da abin da na karanta: Apple da kanta ta ce a yi aiki da kwamfutocinta na hannu tsakanin digiri 10 zuwa 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu Yamai tana wuce 40, wani lokaci ta taɓa 45. Taubashiyata har ƙanƙarar leda take jerawa a ƙarƙashin tire ta ɗora tata a kai. Da na faɗa wa dattijon sai ya riƙe baki, ya ce raɓar da ke taruwa ciki ita za ta kashe ta kafin zafi.

Amma da muka yi lissafin ta tebur, sai ta faɗi da kanta. Katin RTX 3060 na tebur shi kaɗai wat 170 yake ja. Ka haɗa da furosesa da allon kallo. Ƙaramin ondilar, akwatin batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, irin wanda nake iya saye ba zai riƙe wannan ba sai na ƴan mintuna, daidai ka adana aiki ka kashe. In ana so ta yi wuni babu kuran sai faifan sola da manyan batura da inbata, kuma kuɗin waɗannan kaɗai ya kusa cinye jika 600 ɗin, ban sayi ko linzami ba. Janareta kuwa maƙwabcina tela ya riga ya gaya mini ra'ayinsa game da ƙararsa.

Saura maganar wasa, kuma a nan Mac ba ta da bakin magana. FC 24 babu shi a Mac. eFootball, sunan da Konami ta sauya wa PES a 2021, babu. GTA V babu. Counter-Strike 2 da ya fito a 2023 ya bar Mac a baya. A da, zamanin Intel, akwai Boot Camp, ka raba diski biyu ka sa Windows a gefe ka yi wasanka. A kan M1 wannan ƙofar a rufe take. Tun ma 2019, da macOS Catalina ta daina karɓar manhajoji masu bit 32, tsofaffin wasanni da dama suka daina tashi. Akwai ƴan kaɗan da aka kawo, irin Resident Evil Village a 2022, akwai kuma dabarun CrossOver da Parallels masu tada manhajojin Windows a Mac, amma wasannin intanet masu manhajar kama maguɗi yawanci ba sa yarda da su. Ba banza ba fiye da kashi 90 cikin 100 na masu amfani da Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, a kan Windows suke.

"Yaya," in ji ƙanena, "na'urar da ba ta buga ƙwallo ai allon makaranta ce mai tsada."

A daren nan ne, muna sahur, ya faɗo mini cewa ni na ɗaure kaina da igiyar da ba kowa ya ɗaura mini ba. Wa ya ce dole na'ura ɗaya? Taura biyu ba ta taunuwa. Duk wasan da muke yi ƙwallo ne, sai GTA jefi-jefi. Gidajen wasan da ke kowane lungu na Boukoki ba kwamfuta suke ajiyewa ba, PlayStation 4 ce, na'urar 2013, kuma har FC 24 an yi mata. Ga faifai: ka saka ka yi wasa, ba sai ka ƙone forfe kana sauke giga 100 ba.

Neman Mac ɗin ne ya kusa kai ni rami. A wani zauren WhatsApp na saye da sayarwa na ga MacBook Pro M1 a jika 300. Muka haɗu da yaron a Harobanda, da an sauka Gadar Kennedy. Na'ura fes, ba ƙwarzane, ta buɗe, komai yana aiki. Hannuna har ya kai aljihu sai na tuna gargaɗin taubashiyata: kada in biya sai mai ita ya fita daga asusunsa na Apple a gabana, ya goge na'urar gaba ɗaya, ta sake tashi kamar sabuwa, an jona ta da intanet. Domin Mac mai M1 tana da makulli irin na iPhone. In an goge ta ba a cire asusun mai ita na farko ba, za ta tsaya tana neman kalmar sirrinsa, kuma babu mai gyaran da zai buɗe maka. Na ce wa yaron mu yi haka. Ya ce caji ya yi ƙasa. Na nuna masa kashi 80. Ya ce ta yayansa ce, yana Aljeriya, lambarsa ba ta shiga. Na ce in ta shiga ya kira ni. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Har yau bai kira ba.

A ƙarshe wurin wani Alhaji na saya, mai shigo da na hannu daga Faransa. MacBook Pro mai inci 13 ta 2020, M1, ram 16, ma'aji giga 512. Na zaɓi Pro a kan Air saboda abu ɗaya tak: tana da fanka. Ram 16 kuma saboda maganar dattijo, tunda ba a ƙarawa daga baya. Awa biyu na yi a shagon. Na duba adadin cajin da batir ya sha, 212, cikin 1000 da Apple ta ƙayyade masa. Na buɗe farin shafi da baƙin shafi ina neman tabo a allo. Na danna kowane maɓalli, na gwada ramukan USB-C biyun da take da su, don su ke nan, babu na katin kamara. Aka goge ta a gabana ta tashi ba ta nemi kowa ba.

"Alhaji, 550 ta yi yawa. Dubi gefen nan, ta taɓa faɗuwa."

"Albarka. Kai da ka zo da jarrabawa kamar mai sayen doki?"

Muka daidaita a 470, da garantin mako biyu a rubuce a bayan rasit. Na sayi PS4 Slim ta hannu da manet biyu a jika 95, da ƴar mahaɗa mai ramin katin kamara da HDMI a jika 15. Abin da ya rage na sayi faifan PES 2021 da kilishi na kai wa taubashiyata, ta karɓa ta ce bai kai kuɗin shawara ba.

Daren farko na ɗauka an cuce ni. Na jona tsohon diskina, ina ganin duk bukukuwan da na ɗauka, amma ko suna na kasa canza wa fayil, balle in ajiye sabo. Na kira ta ƙarfe ɗaya na dare. Sai da ta gama dariya ta ce diskin a tsarin NTFS yake, na Windows, Mac tana karanta shi amma ba ta rubutu a kai. Mafita exFAT, wanda kowanne ɓangare yake ji. Kwana biyu na yi ina kwashe tera biyu na auren mutane zuwa diskin aro, na goge nawa, na mayar. Shi kuma exFAT ba ya son a fizge shi ba sallama, in ka zare yana cikin rubutu kana iya rasa fayil. Yatsana ya yi wata guda yana neman Ctrl inda Command take. Tarin samfuran rubutu masu walƙiya da muke musaya da abokan sana'a, na Premiere da After Effects, duk sun zama ba nawa ba, sai da na sake gina nawa a Resolve ɗaya bayan ɗaya. Abu guda ne bai canza ba: kyawawan haruffan ado har yanzu ba su san ɗ da ƙ da ƴ ba, ka rubuta "ɗaurin aure" sai harafin farko ya fito a akwati ko ya sha bamban da ƴan uwansa, a Windows haka, a Mac haka.

Bayan ƙaramar Salla bukukuwa suka ɓarke, na yi guda tara cikin mako biyar, ban ba kowa haƙuri ba. Amma maganar dattijo ba ta bar kunnena ba. Duk aikin da na gama sai na kwafe shi a diski biyu kafin in kwanta. Tsakanin azahar da la'asar a watan Mayu ba na fitar da bidiyo, sai dare. In hazo ya taso, cikin jaka take kwana, a naɗe da tsohon rawani.

PS4 ɗin tana shago, jone da allon marigayiya. Ranar Asabar da ta wuce ƙanena ya ɗauki Real Madrid, ni na ɗauki Barcelona, ƴan fada sun cika ƙofa har da mai shayi. Minti na 78 yana cina biyu da nema, ya samu fanareti, ya miƙe tsaye yana gyara wuyan riga yana cewa, "Yaya, ka yi haƙuri, ba raini ba ne." Ya ja da baya zai buga ke nan, ɗif, allo ya yi baƙi, fanka ta tsaya.

Na ce wasan da ba a busa ba ai ba a ci kowa ba. Na bar su suna ihu a duhu, na jawo jakata, akwai sunan wasu tagwaye a Talladjé da na yi alkawarin kai wa ranar Litinin.